Tulun Irin da Baba Ya Binne

Bana ruwa ya makara. Watan bakwai na manoma ya kama har ya raba, gabas tana haɗa hadari da la'asar, iska ta zo ta watsa shi, mu koma mu zauna muna fifita. Cikin wannan zafin ne shekaranjiya na tayar da gidan nan tsaye a kan tabarau. Na ɗaga tabarma, na zazzage aljihu, na zargi jikoki ɗaya bayan ɗaya. 'Yata Rabi, wadda nake zaune wurinta a Isa tun da 'yan bindigar daji suka hana mu kwana Turba, ta bari sai da na gama faɗana.

"Baba, ga shi nan bisa hulakka," in ji ta. "Kai kaka ba mu labarin shekara hamsin har da launin jakin wane, amma abin da ka aje yanzu-yanzu ya ɓace maka."

Na ce da ita tabarau dai ba sato shi na yi ba, shi ya sa. Ta yi dariya ta koma madafa, tana tsammani rikicin tsufa ne. Ba rikici ba ne. Akwai labari a bayan maganar, kuma ita kanta tana ciki, sai dai lokacin a goye take.

Ina saurayi ana kirana Nomau Wasiƙa. Duk ranar da za ni kasuwar Sabon Birni, mutanen Turba sai su tare ni da saƙonni, wannan a gaya wa surukinsa kaza, waccan a tambayo mata lafiyar 'yarta. Ban iya boko ba, ban taɓa rubuta ko ɗaya ba, kuma ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. Dabarar da nake yi ba wata babba ba ce. In an ba ni saƙo sai in maimaita shi da bakina a gaban mai shi, sannan in rataye shi a wani wuri a kan hanya, cikin kaina. Na farko a bakin rijiyar gari, na biyu a kan aduwar mararraba, na uku a mashayar gulbi. In na isa kasuwa sai in sake bin hanyar a zuci ina tsinkar su. Na yi alfahari da wannan kai nawa ƙwarai, har na wuce wuri. Wanda ya ce ya manta abu, kallon rago nake yi masa.

Sai shekarun fari suka zo. Shekarar farko gero ya yi ciki ruwa ya ɗauke, muka samu abin da muka samu. Ta biyu ko cikin bai yi ba a yawancin gonaki. Ganye ya nannaɗe, ya yi fari, in ka taɓa shi ya karye a hannunka. Mu a gidanmu wani ɗan kwari ne a gefen gonarmu ta jigawa ya ba mu 'yan dammuna, su ma kawunan kamar yatsa. Gidan kuwa mu biyar ne: Baba, da yayarsa Goggo Tumba wadda ta riƙe ni tun rasuwar innata, da ni, da matata Kulu, da jaririyarmu Rabi.

Kafin sanyi ya wuce an koma cin abinci sau ɗaya. Da safe ni da maƙwabta mu shiga rijiya muna yasa, don kullum ruwan gudu yake yi ƙasa. Kulu ta tafi ɗibar anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci. Goggo, da idonta ya fara hazo, ta zauna tana jiƙa ta, tana canja ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu. Raguwa kawai yake yi, ba ya fita. Aka sussuke ƙarangiya, aka tankaɗe dusar da a da awaki ake ba. Buzaye suna wucewa kudu a ƙasa, ba raƙumi ba akuya. Fulani suna sassabe rassan gawo su ba shanun da ba su iya tashi.

Baba ya ga inda abin ya nufa. Cikin 'yan dammunan nan ya zaɓi kawuna masu ƙwari, shi da Goggo suka sussuke, suka cakuɗa da toka saboda ƙwari da gara, suka zuba a tulu. Ya ce irin nan ba zai kwana a gida ba, don ranar da jaririya ta yi kukan da ba a iya jurewa, wani zai daka shi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi zai tafi cin rani kudu, ko ya samo garin rogo. Goggo ba ido, Kulu kuma uwa ce. Saura ni, mai kan da ba ya zubarwa.

Da hantsi muka fita, tulun cikin buhu, dagi a kafaɗata, kamar masu zuwa haƙar saiwa. Rabona da gero a baki ya fi wata guda. Tun a hanya ƙamshinsa yake fitowa ta bakin tulun yana shiga hancina, yawu yana cika mini baki ina haɗiyewa. Muka isa gonar jigawa, Baba ya nuna wuri, na haƙa rami har ƙugu, muka zura tulun. Na durƙusa a bakin ramin. Shi kuma ya tsaya a kaina yana bayani, yana nuna itace da sanda, yana faɗin taki kaza daga nan, ka fuskanci can. Ina ganin bakinsa yana motsi. Idona kuwa yana cikin tulun, a kan ƙwayoyin nan da toka ta yi musu furfura.

"Ka riƙe?" ya tambaye ni.

"Na riƙe, Baba."

Ban maimaita ba. Ni da nake sa mai saƙo ya tsaya sai na maimaita masa, ranar nan ban maimaita ba, shi kuma bai ce in yi ba.

"To, za ni kama ruwa. Tsare bakin tulun ga kada ƙasa ta zuba."

Ya juya ya tafi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Hannuna ya shiga tulu ya fito da damƙi guda, na cusa a baki, ɗanyen gero da tokarsa. Na tauna ina waiwaye. Kafin ya dawo na haɗiye, na goge baki da hannun riga. Muka rufe tulun da kasko, muka shafe da laka, muka mayar da ƙasa, muka baje ta da reshe. Kwana uku bayan haka ya bi ayarin 'yan cin rani.

Ban koma gonar nan ba. Na ce wa kaina don kada mutane su ga ina zarya su gane. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ko tunanin wurin ya taso sai in kore shi, in kama wani abu. Mutum mai mata da 'ya, ya saci irin shuka a bayan ubansa! Abin da ake ƙin tunawa kuwa ba a bitarsa, kuma da bita nake riƙe komai.

Bazara ta shigo da zafin da ban sake ganin irinsa ba. Rairayi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmin taya. Nonon Kulu ya janye, Rabi ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani ɗan ƙara kamar na mage. Wata rana da azahar na dube su, na ɗauki dagi na ce za ni neman saiwa. Niyyata in ɗebo ko tiya guda a yi wa yarinyar kunu. Na isa gonar na tsaya. Gawo uku ne a cikinta da, duka an sare, har kututturan an tone an kai murhu. Iska ta share jigawar ta yi sumul. Na ce ba komai, bari in jawo maganar Baba. Na nema a kaina, na bi ta nan na bi ta can. Babu. Ba wai ta ɓace ba ne, tun farko ba ta shiga ba. Na tuna bakinsa yana motsi, na tuna sandar tana nuni, amma ko kalma ɗaya babu. Na dawo gida hannu wofi, ban gaya wa kowa ba. Wata maƙwabciya da akuyarta ta rage ita ta riƙa ba mu ɗan abin da ta tatsa.

Ina fata Baba ya dawo kafin ruwa, in yi shiru ya nuna wurin da kansa. Sai wani daga cikin ayarinsu ya dawo da rabin buhun gari da hular Baba. Zazzaɓi ne, kwana huɗu, an yi masa sutura can. Muka yi zaman makoki da ruwan randa. Masu gaisuwa suna cewa Allah ya sa ya bar mana iri, don gari ya san ya ɓoye, wasu har suna roƙon in an tone a tuna da su. Ni kuma ina amsawa da amin. Na san in ruwa ya sauka ba mu shuka ba, gidanmu ya tashi ke nan, sai mu bi Buzaye kudu da jaririya a baya. Iri a kasuwa ba a maganarsa, ko akwai ba mu da abin saye.

Ruwan ya zo ranar wata Talata da la'asar. Iska ta fara, ja wur, sannan aka ji ɗigo a kan kwanon da ke tsakar gida. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Mutane suka fito suna tsayawa a cikinsa, tsofaffi suna kuka ba kunya. Aka yi ruwa har magariba, aka haƙa aka ga laima ta kai kamu guda da rabi. Ruwan shuka ne sosai. A jigawa kuwa irin wannan laimar kwana uku take jira, ba ta ƙarawa.

Laraba tun da sassafe na tafi da dagi. Na haƙa inda nake zaton gawon farko yake, na auna taki goma, na auna ashirin, gabas da yamma. Na wuni ina huda gona. Maƙwabta masu ɗan iri suna ta saran sungumi, matansu na bi suna jefawa suna takewa da diddige. Wani ya ɗago ya ce, "Wasiƙa, halan gyaɗa kaka tono?" Na ba shi amsar da har yau nake jin nauyinta, don dattijo ne. Alhamis ma haka. Rana ta fito ta fara shan laimar, saman ƙasa ya soma fari. Ramuka sun fi talatin, tafin hannuna ya fashe.

Da azahar ɗin Alhamis na hango su tafe, Kulu da goyo, Goggo tana dafe da kafaɗarta tana dogara sanda. Tun rasuwar Baba, Goggo ba ta fita ƙofar gida ba. Ta zauna a kan tudun ƙasar da na tara, ta huta, sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Nomau, ka ɓatar da wurin."

"Itacen na anka sare, Goggo. Da gawon na nan..."

"Ban tambaye ka gawo ba. Mi ubanka yac ce maka?"

Na ce ban riƙe ba. Kalmar nan ta fi anza ɗaci a bakina. Kulu ta dafe ƙirji, ta ce inna lillahi.

Goggo ko gezau. "To bar abin da yac ce. Kai mi kaka yi sa'ad da shika magana?"

"Saurare nika yi."

"Ƙarya kaka yi. Da ka saurara da ka riƙe, kanka ba ya zuba. Durƙusa."

Na durƙusa, don ba a yi wa Goggo gardama. Ta kwance bakin zanenta, ta lalubo fuskata, ta ce in buɗe baki. Ta sa mini wani abu a harshe. Toka ce, tokar murhu.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru ba sai dai in faɗe shi yadda yake. Ɗanɗanon nan yana taɓa harshena, safiyar nan ta dawo gaba ɗayanta. Na ji gurzar ɗanyen gero a haƙorina. Na ji rana a kumatuna na dama. Na ga kaina ina waiwaye ta kafaɗar hagu, ga Baba can ya ba ni baya, ya tsuguna a gindin tarin kashin maƙera, baƙaƙen duwatsun nan da maƙeran zamanin kakanni suka bari a tsohon kufai. Can nesa bayansa akwai suri, tsininsa daidai saman hularsa. Na ji tarinsa sau biyu kafin ya miƙe. Na ji takunsa, don ina tauna ina ƙirgawa, ina auna ko zan haɗiye kafin ya iso. Goma sha tara.

Na tofar da tokar, na faɗa musu komai, a gaban matata. Na ce na saci iri, damƙi guda, Baba ya mutu bai sani ba, ban nemi gafararsa ba. Ban ɗaga kai ba ina faɗa.

"Tashi ka nuna muna wurin," in ji Goggo. "Laima ba ta jiran kukanka."

Kashin maƙera ba ya shiga murhu, suri ma ba wanda ya taɓa shi. Na je na tsaya a gindin tarin, na sa surin a bayan ƙeyata, na tako goma sha tara. Tsawonmu ɗaya da Baba, takalminsa ma nakan sa. Wurin da na tsaya ya yi nisa da duk ramukan da na wuni biyu ina haƙawa. Na haƙa har gwiwa, ba komai. Kulu ta ce in tuna tsoho ne mai yunwa, takinsa ba zai kai nawa ba. Na ja baya kamu uku na sake sara. A sara na nawa ban sani ba, dagi ya taɓa wani abu ya yi ƙwas. Na yar da shi na ci gaba da hannu.

Lakar tana nan yadda muka shafe ta, da shatar yatsun Baba a jiki. Na fasa, na ɗaga kaskon. Geron bushe ƙayau, ko ƙwaro ɗaya babu. A samansa ga ɗan gurbin da hannuna ya bari. Kulu ta zauna a ƙasa tana dariya tana hawaye, Rabi ta farka a bayanta.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na juya na ce, "Goggo, ƙaƙa kinka san da toka?"

Ta miƙo hannu na zuba mata 'yan ƙwayoyi, ta murza, ta sansana. "Tiya huɗu munka auna, ni da ubanka. Da munka gama yac ce in ƙara damƙi guda bisa. Nic ce na mi na? Yac ce na yaron ga na. Yac ce shina jin yunwa, komi nig gaya mishi bisa tulun ga ba ya ji. Amma wurin da mutum yaɗ ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba ya mance shi har shi mutu. Haka tsohonmu yay yi mishi shekarar da fara tac cinye gari."

"Ashe ya sani?"

"Mutumin da bai sha komi ba tun jiya, wane ruwa za shi kamawa? Rabonka na kac ci, Nomau. Da hannuna niz zuba shi."

Wata biyar ina ɗauke da wannan damƙin a wuyana. Na yi kuka a bakin ramin nan irin wanda ban yi ba ranar da aka kawo hularsa. Goggo ta bar ni kaɗan, sannan ta zungure ni da sanda ta ce rana tana tafiya.

Muka fara shuka a yammacin nan, ni da sungumi, Kulu tana jefawa da goyo a baya. Juma'a muka ƙarasa, muka ba gida biyu tiya guda su raba. Damina ba ta yi kyau sosai ba, amma ta yi. Ramukan da na huda gonar da su sun tara ruwa, geron da ke bakinsu ya fi na ko'ina tsawo, shekara da shekaru ana yi mini ba'a da shi. Sunan Wasiƙa dai bai bar ni ba, amma daga ranar na daina yi wa mai mantuwa kallon rago.

Yanzu mijin Rabi a leda yake sayo iri, jajaye da magani, an rubuta a jiki kada a ci. Iyakar gona kuma a waya suke ajiye ta, su nuna maka ɗigo su ce nan ne. Jiya da la'asar hadarin ya tsaya bai watse ba, aka yi ruwan shuka, yau da safe duk sun fita gonakin bakin gari. Aka bar ni da Rabi, tana tsince wake, ina ba ta wannan labarin daga farko. Ba ta taɓa jin sa ba, Kulu ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah.

Da na gama sai ta tambaye ni ko daga baya maganar Baba ta dawo mini, ta gawo da taki.

Ba ta dawo ba. Na neme ta shekara hamsin, don ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ya yi mini, ko kalma ɗaya ban samu ba. Bayansa kawai na riƙe, da tarin nan biyu da ya yi don in san zai taso. Taki goma sha tara ba wata tafiya ba ce, amma a hankali ya yi ta, yana jan ƙafa, yana duban ƙasa, har sai da na haɗiye.